A Bencin Likitan Ido

Daga Tawa na taso tun asuba,
na kwana Yamai gidan ɗan ƙanena,
don a leƙa mini cikin ido
yadda ake leƙa rijiya in guga ya faɗa.

Aka ɗiga mana magani, aka ce mu jira.
Benci ɗaya, mu bakwai, kowa da furfura.
Kusa da ni wani tsoho ɗan Sin,
Meng sunansa,
shekara talatin yana gyaran injin ban-ruwa a bakin kogi.
Hausarsa gurguwa ce, amma tana kai shi inda za shi.

Ya ce, "Kai, me ya ɓace maka?"
Na ce, "Tsakiya.
In na dubi jikata Tsahara,
ga kunnuwa, ga ɗankwali,
fuskar kuwa kamar an goge da babban yatsa.
Ni Nomau, da nake zura zare a kafar allura
ina hira, ban ko duba ba,
yau ƙofar gidana sai na kalle ta a kaikaice."

Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.
Ya ɗaga yatsu biyu da hayaƙi ya rina.
"Ni taba ce, da gishiri,
da tabarau mai kaurin gindin kwalba tun ina yaro.
Can garinmu yayata haka take,
maƙwabcinta ma haka.
Wasu ba su sani ba tukuna,
don abin ba ya ciwo."

Ba ya ciwo. Nan muguntar take.
Gara ba ta sallama,
sai ranar da azara ta sauko.
Na tuna shayi zagaye uku, sukari har ya yi danƙo,
da ƙwayar hawan jini
da nake ajiyewa da zarar kai ya daina sara.

Likita Balkisa ta kira mu ɗaya bayan ɗaya.
Ta nuna mini bayan idona a allo:
wata ne ja, jijiyoyi sun ratsa shi
kamar ƙoramu in damina ta yi kyau.
Ta ce, "Baba, ga inda gaɓa ta zube,
ga inda ruwa ya kwanta.
Abin da ya tafi ba ni da ikon kiransa,
wanda ya rage za mu yi masa shinge."

Ta ba ni takarda mai layuka kamar saƙar tabarma.
Ta rantse a miƙe suke.
Ni dai na ga sun karkace,
har na ji haushin masaƙin.

Da muka fito, rana ta zubo cikin ido ba marfi.
Meng ya kama hannun rigata,
na kama kafaɗarsa,
muka tsallake titi da ragowar idanu huɗu.
Ya laluba aljihu, ya taɓa kwalin taba,
ya daɗe, bai fitar ba.

Gobe zan koma Tawa.
Likita ta koya mini dabara:
in dubi kunnen Tsahara,
fuskar za ta shigo ta gefe.
Za ta ce, "Kaka, me kake kallo a bayana?"
Ban san abin da zan ce mata ba tukuna.