Hannun Marini

Shekara arba'in hannuna na cikin baba,
har farcena ya manta launin da aka haife shi da shi.
A Ƙofar Mata farin ƙyalle ake kawo mini,
a ce: Tanko, mai da shi baƙi,
baƙi wuluk, mai ɗaukar ido.
Tsomi ɗaya kuɗinsa daban,
tsomi bakwai sai mai hali.
A karofi duhu ne mai tsada.

Ran Laraba wata Baturiya ta zo,
ta naɗe hannun riga, ta tsuguna bakin rami,
ta ƙi inuwar da na share mata.
Yaron da ke mata tafinta ya ce
wai rana take kwasa, tsarabar komawa gida.
Wai a garinsu har biya ake yi
a kwanta cikin akwati mai fitilu
don fata ta gasu, a san kana da shi.
Na dube ta, ta yi ja kamar tattasai,
karan hancinta na salewa.
Na yi dariya har muciya ta kuɓuce mini.

Dariyar ba ta raka ni gida ba.

Bayan magariba Hansatu ta kawo tuwo,
autata, mai sunan uwata,
wadda ta ɗauko baƙinta kaf,
baƙin nan mai sheƙi
kamar turkuɗin da ya sha bugu.
Ta dire kwano, fitila ta faɗa kan hannunta:
bayansa fari fat,
gaɓoɓin yatsu kuwa sun ƙi,
sun tsaya baƙi ƙirin
kamar magadan da suka ƙi yarda a sayar da gida.
Korayen jijiyoyi a kumatu.
Ga wani wari, ba turare ba, ba magani ba.

Na ce, mene ne wannan?
Ta ce, haɗi ne, Baba, daga Sabon Gari,
kwalba uku a roba ɗaya.
Ta ce, a bikin Rabi mai hoto ya ce in matsa gefe,
wai ina cinye haske.
Ta ce, shagon waya da muka je neman aiki
ƙawata aka ɗauka,
takarduna ko buɗe su ba a yi ba.
Ta yi shiru, tana murza bakin mayafi.
Kai ma, Baba,
ranar da aka kawo amaryar Yaya,
me ka fara cewa?
Tubarkalla, fara ce sol.

Loma ta tsaya mini a wuya.
Na faɗa.
Na tuna har tabarmar da nake zaune a kai.

Ni dai na san rini.
Na san in toka ta yi yawa takan ci zare,
ka ɗaga zane ya rabe a hannunka.
To, zane ne, a koma Kwari a yanko wani.
Wane layi zan shiga
in yanko wa 'yata fata?

Da hantsi Baturiya ta dawo karɓar kayanta,
ta kara shi a kumatu, ta lumshe ido,
ta biya ba ciniki.
Sai ga Hansatu da kofin koko,
safa a hannu, niƙabi a fuska,
ba don wa'azin kowa ba,
rana ce yanzu ke yankan ta kamar reza.
Suka gaisa da ka.
Kowacce ta saci kallon hannun 'yar'uwarta.

Rana ɗaya ce a kansu.
Wannan ta buɗe mata damatsa,
waccan na raɓewa jikin katanga.

Na so in ce, Hansatu, ke kyakkyawa ce.
Shekara goma sha tara maganar na bakina,
ina ganin ai ta sani.
Na karɓi koko da hannuna shuɗi,
na ce, zauna nan, akwai inuwa.