Ban Sa Hannu Ba

Bappayo ya turo takarda gabana:
"Adda Kulu, manhaja ta nuna,
a miƙa ta ga babban gwaji."

Na buɗe.
Shafin awo na ƙirga masara daidai,
shafin kuɗi bai ci ko sisi ba,
kowa gwani ne a ɗakinsa.
Da na ce su fito su gaisa,
buhu arba'in daga Kumo
suka iso Tudun Hatsi talatin da tara.

Ina ɗayan?
Shiru.
Janareta kaɗai ke magana a Jekadafari.

Na mayar da biro cikin jaka.
"Saman tukunya ne ya tafasa, ƙanena,
ƙasa da sauran tsaki.
Nemo mini buhun nan.
Gobe ma rana ce,
ni da biro muna nan."