Tafinta, Ƙarfe Uku na Dare

Waya ta tashe ni: zo asibiti, akwai yaro.
Haifaffen Manchester ne, Turanci a bakinsa kamar ruwa,
amma tun magariba ya kulle shi, ya yar da makulli.
Hausa kaɗai yake yi, ita ma da bango.

Sunansa Zayyanu, shekara sha tara.
Ya naɗe a gado kamar tabarmar da aka gama salla a kai,
ido jajur, leɓe a bushe,
ƙafa tana rawa ba kiɗa.
Uwarsa Tabawa, da rigar aikin gidan tsofaffi a jikinta,
ta rungume takalminsa ƙafa ɗaya,
ba ta ma san ta riƙe ba.

Likita ta ce, tambaye shi yaushe ya fara.
Na tambaya. Ya ce, "Kaka ta hana a faɗa."
Kakar ta rasu a Malumfashi yana ɗan shekara shida.
Na miƙa maganar yadda take.
Ni kwalekwale ne,
ba na tambayar kaya inda za su.

Uwar ce ta yi lissafi.
Sha huɗu, bayan filin ƙwallo a Cheetham Hill,
zuƙa ɗaya, don kar a ce masa ɗan mama.
Sha shida, sai ya sha zai ci tuwo, sai ya sha zai runtsa.
Sha bakwai, yaron da ya haddace izu goma
ya tsaya a kicin yana neman sunan cokali.
Sai amai, amai har ciki ya ƙulle,
ya kwana a banɗaki ruwan zafi na dukan bayansa,
mita na cin kuɗi, ita tana cewa sammu ne.
Da wiwin ta daina kai shi inda yake so
aka haɗa masa da ƙwaya, 'yan shuɗɗa marasa suna,
daga waya zuwa bakin ƙofa, ko shayi bai huce ba.

Jiya ya liƙe tagogi da jarida,
ya ɓalle na'urar hayaƙi daga silin, wai ido ce,
ya dubi ƙanwarsa ya ce, ke ba ke ba ce.

Likita ta ce in gaya wa uwar
ganyen yanzu ba irin na da ba ne, an yi kiwonsa har ya yi dafi,
ƙwaƙwalwar yaro kuwa ɗanyen siminti ce,
abin da ya taka, sawunsa ya zauna.
Wani ya sha ya kaɗe riga.
Wani ƙofa ta buɗe masa ta ƙi rufuwa,
kuma ba a rubuta wa kowa a goshi ba.

Tabawa ta ce, "Zai dawo?"
Likita ta faɗi wata kalma mai zama tsakanin i da a'a.
Shekara sha ɗaya ina wannan aiki,
na laluba Hausa kaf, ban samo mata ƙawa ba.
Na ce, "Da sauran numfashi, Hajiya."

Ga abin da ban fassara wa kowa ba:
ni ma na zuƙa, bayan tashar Funtuwa, mu biyu.
Na yi tari, na yi dariya, na tafi gida na ci abinci.
Ɗanjuma har yau yana shataletale
yana ba motoci hannu, ba wanda ya ɗauke shi aiki.
Ban fi shi wayo ba. Ban fi shi salla ba.

Wajen asuba allura ta fara kama shi.
Ya damƙi hannun rigata, a hankali,
ya ce, "Baba, ce musu su rage murya."
Ɗakin tsit, sai ɗigon ruwan leda.
Na juya na dubi bangon,
na ce, "Ku rage murya, yaro zai yi barci."

Na sa hannu a takardar biya: awa biyu da minti arba'in.
A waje ana yayyafi.
Uwar tana ƙarƙashin gado
tana neman ɗaya takalmin.