Shayi Babu Gishiri

Babana Gombo da ƙaninsa Jargal
nono ɗaya suka sha, a tanti ɗaya na gashin tumaki,
can Arhangai, inda sanyi ke fasa dutse.
Allura ɗaya aka yi musu suna yara,
da sirinjin gilashi da ya zaga dukan makiyaya
ba a tafasa shi ba.
Shekara arba'in cutar na kwance tana jiran rana,
sannan ta miƙe.

Hantar su biyun ta taurare
kamar cukun da muke shanyawa bisa rufi.
Cikin su biyun ya tara ruwa.
Baffa Jargal kan tamke nasa da ɗamara, ya hau doki,
ya dawo da almuru yana zagin kerkeci.
Babana kuwa, daga ƙanƙarar fari zuwa haihuwar tumaki,
sau uku zazzaɓi ya kayar da shi.
Ciki ya ƙi taɓuwa, ko bargo ba ya so,
yana kirana da sunan uwata da ta rasu.

Yini guda a mota zuwa Ulanbato.
Likita Tserma ta soka allura a kwiɓinsa na hagu.
Ruwan da ya kamata ya fito garau
ya fito kamar ɗaurayen kwanon madara.
Aka ƙirga fararen ƙwayoyi,
sun haura ɗari biyu da hamsin, sun yi nisa.

Na ce, me ya yi wanda ƙaninsa bai yi ba?
Giya? Ya bar ta tun ina goye.
Gishiri? Mu da gishiri muke dafa shayi,
amma nasa lami yake sha, yana yatsina.

Ta ce, a bangon hanji akwai masu gadi,
aikinsu su gane baƙo tun daga nesa, su yi kururuwa.
Rubutun da ke gina su gado ne,
rabi na uwa, rabi na uba.
Harafi guda kan sauya,
sai mai gadi ya fito da nauyin kunne.
Mai lafiyar hanta kan tsufa bai ma sani ba.
Amma in hanta ta gaza, ruwa ya kwanta,
ƙwayoyin cuta kan haura katanga
su tarar da tafki ba mai tsaro.
Ta ce, ban ce wannan kaɗai ba ne.
Mu ma ba mu gama karanta shi ba.

Ashe babana yana ji.
Ya ce, na taɓa kiwon karnuka biyu, ciki ɗaya.
Ɗaya yana jin kerkeci tun daga bayan tudu,
ɗayan sai an shigo garke.
Ban taɓa dukan na biyun ba.
Shinge na ƙara wa tsawo.

Yanzu shingen ƙwaya ce fara, kowace safiya,
da ma'aunin zafi a aljihun rigata.
Baffa kan zo, ya zauna nesa da murhu,
kamar mai jin kunyar lafiyarsa,
ya ce shi ma a zuba masa lami.

Ni ma na miƙa hannu, an ɗebi jinina.
Takardar ta iso tun watan jiya,
tana cikin akwati, ƙarƙashin hular ɗana.
Zan buɗe.
Bari dai tumaki su gama haihuwa.