Agwagwa

A garinmu, Stoke, garin faranti da kofuna,
kowa agwagwa ne.
Direban bas ya karɓi kuɗinka: "Na gode, agwagwa."
Mahauci, hannu duk jini: "Sai me kuma, agwagwa?"
Baƙo kan waiga ko akwai tafki a bayansa.
Babu. Haka muke cewa mun gan ka, zauna.
Ka nausa arewa, a can sunanka ƙauna,
a wani garin fure, a wani zuma.
Turanci na jin nauyin furta so,
sai ya aiki tsuntsu, sai ya aiki shuka.

Ni ce Glenys, shekara saba'in da ɗaya.
Beryl ta ba ni huɗu.
Shekara talatin muna benci guda a masana'anta,
tana zagaye bakin kofi da zaren zinariya,
hannunta ko gezau,
ni ina liƙa hannayen kofi, ina fasa na fasawa.
Ba ta taɓa ce mini agwagwa ba.
Wannan na mutanen titi ne.
Ni sunana "ke", in ta so ni sosai kuma, "sarkin ɓari".

Kalma ɗaya harshenmu ya tanadar mana mu biyu: sista.
Ba ruwanta da wadda ta riga ganin rana,
sai an liƙa mata babba ko ƙarama daga gefe.
Beryl ba ta taɓa neman liƙi ba.
Ita ke riƙe makulli, ita ke ƙirga canji,
ita ta tsaya gabana ranar da aka binne Baba
don kada iska ta same ni.

Amma kalmar haya take bayarwa.
Sista ce mai lulluɓin nan ta makarantar coci
da ta san yatsunmu da rula.
Sista ce babbar mai jinya a ɗaki na tara,
inda Beryl ke kwance tun Nuwamba,
sunaye na tsiyaya daga kanta
kamar shayi daga kofi mai tsaga.

Ran Talata na je da biskit mai citta.
Ta dube ni da ladabin da ake yi wa baƙo,
ta gyara wuyan riga, ta ce,
"Wace ce, agwagwa?"

Kalmar da ke ɗumama gari guda,
ni sanyinta na ji har ƙashi.

Na ce, "Sistarki."
Ta ce, "Yauwa, sista. Ƙafata na sanyi,
kuma ba a kawo maganin rana ba."
Na ja bargo na rufe ƙafar.
Ban gyara mata ba. Ina ƙaryar take?

Mama kan buɗe wasiƙa da kalmar nan
da take jefa wa mai kanti in man shanu ya tashi,
don a wurinmu abin ƙauna da abu mai tsada
sunansu ɗaya.
Da ina yi wa haka dariya.
Yanzu bas biyu nake hawa, kullum, da gwiwar nan,
ina biya.

Ƙarfe uku aka kawo shayi.
Na miƙa hannu, kofin ya suɓuce,
ya tarwatse a ƙasa, ba ma irin namu ba ne.
Beryl ko kai ba ta ɗaga ba.
"Sarkin ɓari," ta ce. "Glenys, yaushe za ki girma?"

Na durƙusa ina tsintar fasassu,
ina jan lokaci, kada in ɗago ta tafi.
Da na ɗago ta tafi.
Taga take kallo, tana yi wa ruwan sama murmushi.

A bas, direba ya leƙo fuskata.
"Lafiya dai, agwagwa?"
Na ce lafiya lau.
Na ce, yau yayata ta zage ni.