Kunnen Labbo

A Sahara, gindin dogon yaro,
Labbo ba ya tambayar mai babur.
"Tada shi," kawai.

Shuɗin hayaƙi ya tashi.
Ya kafa bakin sukudireba kan injin,
ƙotar a kunnensa,
ido rufe.

Kacau-kacau, can ciki.
"Ba sarƙa ba, ba salansa ba.
Ba shi wuta. Saki."
Ƙarar ta dawo daidai sakin.

"Fistan na rawa cikin ɗakinai.
Yaushe rabonka da gauraya baƙin mai da fetur?"

Na dubi ƙasa.
Tun yashin hanyar Wurno
nake cewa gobe.

Ya goge hannu a wando:
"Ƙarfe bai iya ƙarya ba, Nahantsi.
Ƙishirwa ta sa shi magana."