Ƙarfe Biyun Dare a Jos

Ƙarfe biyun dare, Jos ta ja bargo,
sanyi na lasar tagogi daga Naraguta har Dadin Kowa.
Ni ina kan takardun ɗalibai ɗari huɗu,
jan biro ya ƙafe, shayi ya huce,
idona kamar an watsa masa yaji.

Sai waya ta yi haske.
Nanret ce daga asibitin Lamingo:
"Gado talatin, ni kaɗai. Akwai mai rai a cikinku?"
Tanimu ya amsa daga bayan kantar banki,
inda lissafi ya ƙi zama saboda naira dubu bakwai:
"Akwai, amma da ƙyar."
Kyauta, lauyar da ke matashi da fayil,
dariya kawai ta turo, guntuwa, mai tari a ƙarshe.

Mu huɗu ne. Ba mu taɓa haɗuwa ba.
Ban san tsayin kowa ba,
ban san wa ke da wushirya ba.
Murya kawai na sani, da lokacin da take karyewa.

A gida in na ce na gaji,
sai a ce gode wa Allah,
wasu na yawo da takardunsu a leda.
Na gode. Wallahi na gode.
Amma ko jaki in an sauke masa kaya, birgima yake yi.
Nan ne wurin birgimarmu.
Dokarmu ɗaya ce: ban da cewa "yi haƙuri."
An ba mu shi har mun rasa wurin ajiya.

Sai Tanimu ya yi shiru.
Dare ɗaya. Biyu. Uku.
Muka kira, waya a kashe,
sai a lokacin muka tuna
ko unguwarsa ba mu sani ba.

Dare na huɗu muryar Nanret ta zo tana rawa:
"An dawo da wani ɗakinmu yau,
ya yanke jiki a wurin aiki, jini ya hau.
Ina ɗaura masa abin awo na ce,
sannu malam, akwai sauƙi?
Ya ce, akwai, amma da ƙyar.
Sai da na zauna a bakin gadon."

Ranar Asabar muka je,
Kyauta da kular gwate, ni da lemo daga Farin Gada.
Ashe gajere ne, da furfura a gemu.
Ashe Kyauta ce mai wushirya.
Muka zauna, aka rasa mai magana,
mun saba da juna a duhu.

Can sai wayarsa ta yi ƙara.
Manaja ne.
Muka dube shi, ya dube mu.
Ya kifa ta a kan bargo,
ta yi ta kuka har ta gaji don kanta.
Ya ce, "Miƙo min cokali,
kafin gwaten nan ya huce."